Lamba Bakwai Ba Ta Taɓa Fashin Taro Ba

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun da asuba kuna tambayar ina ci gaba, ga shi nan. Ku karanta a hankali, ba tsere ake yi ba.

Malam ya iso ajin tun ƙarfe biyu, alhali taron sai huɗu. Ya jera kujeru, ya ja da baya ya dube su, bai gamsu ba, ya sake jerawa. Kujerun yara ne. Makarantar ce ke ba ƙungiyar taimakon unguwa aron ajin duk ranar Asabar, shi ya sa kowane mako za ka tarar da masu furfura zaune gwiwa a ƙirji suna shawarar yadda za a gyara duniya.

Ya goge allon da ba a rubuta komai a kansa ba. Ya leƙa taga, ya ga hadari na haɗuwa daga gabas. Ya zauna, ya miƙe, ya sake ciro wasiƙar daga aljihu, duk da ya riga ya haddace ta.

Gidauniyar da suka roƙa taimako ta amince. Za ta ba da kwano da katako a rufe rumfar masu jinya da ke bayan asibiti. Ginshiƙai takwas ƙungiya ta kafa a wurin da hannunta, fiye da shekara biyu ke nan suna tsaye ba rufi, mata na zaune a tsakaninsu suna jiran marasa lafiyarsu, rana ta dake su, ruwa ya zo ya ƙarasa. Sharaɗin gidauniya ɗaya ne tak, ƙungiya ta kai mutum arba'in masu halartar taro. Malam ne magatakarda, ya kuwa san talatin da bakwai suke. Amma wasiƙar ta ce, “Mun yi farin cikin ganin kun kai arba'in da ɗaya.”

Ba ma wannan ne ya hana shi zama ba. A ƙasa an ƙara da cewa jami'arsu za ta zo taron yau ta ga mutane da idonta, kuma ta miƙa takardar yabo ga Lamba Bakwai, wadda ba ta taɓa fashin taro ba cikin shekara biyu.

Lamba Bakwai matarsa ce, ungozoma. Shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarta.

Ita ce ma ta kawo tsarin lambar. Farkon kafa ƙungiya an kusa watsewa kan wa za a fara kira da kuma wane laƙabi za a jingina masa, sai ta ce a ba kowa lamba kamar gadon asibiti, mai kuɗi da mai dako duk a kira su da baki ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Shugaba ne, mai kemis na bakin kasuwa, rungume da katan ɗin ruwa, yana haki.

“Malam Magatakarda! Ka riga kowa kamar kullum. Ko a nan ka kwana?”

“Rufe ƙofar.”

“Lafiya dai?”

“Rufe tukuna.”

Shugaba ya dire katan, ya tura ƙofar da ƙafa. Malam ya miƙa masa wasiƙar. Shugaba ko karɓa bai yi ba.

“Na gani, ni ma an turo mini. Allah mun gode, kwano ya samu.”

“Arba'in da ɗaya.”

“Haka suka ce.”

“Tarihi na koyar shekara talatin, ba lissafi ba, amma na iya ƙirga kujeru. Talatin da bakwai muke. Huɗun nan daga ina? Haihuwa muka yi?”

“Malam, ka sassauta murya.”

“Na karanta labarin sarakunan da suka jingina gawarwaki a kan ganuwa don maƙiya su zaci suna da yawa. Su dai yaƙi ne ya ci su. Kai kuwa kan kwano bandir nawa ka tono mini mata daga kabari?”

“A'a, Malam.”

“Ka ɗauki mace da ba ta taɓa rage wa kowa ko allura ba, ka sa ta a takardar ƙarya. Har da takardar yabo! Wa zai karɓa? Ko can za mu raka jami'ar ta ajiye mata a kan ƙasa?”

Shugaba ya ciro hankici ya share wuya. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara tunzura Malam ke nan.

“Ka gama?”

“Ban fara ba.”

“To kafin ka fara, kawo littafinka.”

“Me za ka yi da shi?”

“Kawo dai.”

Littafin halarta na kan tebur, mai baƙin bango, gefensa ya yi laushi don yawan buɗawa. Shugaba ya buɗe tsakiya, ya juya shi ya fuskanci Malam, ya dafa layi na bakwai da yatsa.

“Ko harafi ɗaya ban rubuta wa mutanen nan ba. Sun ce a turo rajistar halarta. Ranar da kake kwance da zazzaɓi na karɓi littafin nan a hannun 'yarka Auta, na kai shago aka ɗauki hotonsa shafi-shafi, na tura. Shi ke nan aikina. Duba nan. Hannun wa ne wannan?”

Malam ya duba.

Alamar halarta ce, da shuɗin biro, mai 'yar wutsiya da ke lanƙwasa sama, irin wadda ya yi shekara talatin yana yi a littattafan ɗalibai. Asabar bayan Asabar, layi na bakwai cike yake taf. Shugaba ya buɗe shafi na gaba, haka. Na gaba, haka. Masu rai duk suna da giɓi, wannan ya yi tafiya, wancan ciwon baya, shi kansa Malam akwai Asabar ɗin zazzaɓin. Ita kuwa ko ranar ba ta yi fashi ba, don da ya warke ya dawo ya cike mata da hannunsa.

“Sha biyu ma haka,” in ji Shugaba. “Ashirin, da talatin da ɗaya. Ka ga huɗunka.”

Malam ya nemi kujera, ya zauna a ta yara, gwiwa a ƙirji.

Ya tuna yadda abin ya fara. Taron farko bayan rasuwarta, yana kiran lamba, bakinsa ya wuce shida ya faɗa bakwai kafin hankalinsa ya tare shi. Sai Tela, ƙawarta, ta ce daga baya, “Tana nan.” Kowa ya amsa, “Tana nan.” Hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba yi in an amsa. Daga ranar abin ya zauna. Da Lamba Sha Biyu ya rasu aka yi masa haka, sauran biyun ma haka. Dokar ƙungiya ta ce magatakarda ya ja jan layi a kan wanda ya rasu, lambar ta koma ga magajinsa in yana so. Jan biron na aljihun Malam shekara biyu, ko murfinsa bai taɓa cirewa ba.

“Ka sani lokacin da kake turawa,” ya ce a hankali.

“Wallahi ban lura ba sai da wasiƙa ta zo. Amma da ta zo, ban yi kuka ba, gaskiya.”

“Sai mu gaya mata.”

“Mu gaya mata me? Cewa magatakardanmu yana yi wa matattu rajista? Ta rufe jakarta ta tafi, kwano ya tafi wata unguwa?” Shugaba ya jawo kujera ya zauna dab da shi. “Saurara. Na riga na shirya komai. Na bi mutane gida-gida, na ce yau ba amshi, kowa ya kama bakinsa. Na yi magana da Auta. Za ta sa rigar uwarta ta zauna a baya. In ka kira bakwai ta ce ga ni, ta karɓi takarda, a tafa. Sauran ukun mu ce sun yi tafiya.”

“Tafiya kam sun yi.”

“Malam, bar wannan bakin naka yau ɗaya.”

“Ka sa 'yata ta yi ƙarya da rigar uwarta.”

“Rumfar nan ta wa ce? Wa ya auna filin da igiyar shanya? Wa ya tsaya kan masu haƙa rami har ƙafarta ta kumbura? Ni ne? Leƙa taga ka ga hadarin can. Mata goma sha suna zaune a ƙarƙashin ginshiƙan nan yanzu haka da tabarmi da kwanuka. Za ka bar su a ruwa don ka zama mai gaskiya na minti biyar?”

Malam ya miƙe ya je taga, ya dawo, ya gyara kujerar da ba ta karkace ba.

Aka ƙwanƙwasa. Auta ce, 'yarsa, ta taso daga aiki, da leda a hannu. Ta cikin ledar ana hango koriyar rigar da 'yan ƙungiya ke ɗorawa a kan kaya in za su sharar asibiti ko ba da jini. An ɗinka bakwai a ƙirjinta da farin zare. Shugaba ya ga fuskokinsu, ya tuna yana da abin ɗaukowa a mota.

“Baba, sannu da aiki.”

“A ina kika samo ta?”

“Inda ka ɓoye ta. Ƙarƙashin littattafanka.”

“Kuma kin yarda ki yi abin da mai kemis ya ce.”

“Na yarda.”

“Haka na rene ki?”

Ta ajiye ledar a kan tebur, kusa da littafin.

“Sau uku ina roƙonka lambar nan, Baba. Na farko ka ce ba yanzu ba. Na biyu ka ce in jira a buɗe sababbin lambobi. Na uku ka ce da mai ita.” Muryarta ba ta tashi ba. “Duk Asabar ina wucewa ta bakin tagar nan, ina jin kuna cewa tana nan. Ni na wanke kwanon da ta sha ruwa na ƙarshe. Ina son in ɗauki tsintsiyarta in je asibitin nan, ka hana. To yau abin da ka hana ni da gaskiya an ba ni shi da ƙarya. Ka ce in ƙi?”

“Auta.”

“In ka fi so in tafi gida, sai in tafi. Amma ka faɗa da bakinka.”

Ya sunkuyar da kai ya dubi ledar. Mutumin da ya yi shekara talatin ba a taɓa ƙure shi a aji ba.

Mutane suka fara shigowa. Tela ta shigo tana gyara mayafi, ta ga Auta da riga, ta kau da kai da sauri. Direba, wanda kunnensa ya yi nauyi tun da ya bar tuƙin babbar mota, ya zo ya zauna a gaba kamar kullum yana gaishe da kowa da ihu. Aka yi ta jan kujeru. Ba mai kallon Malam a ido.

“Yau dai kowa ya wanke riga,” in ji Tela. “Ashe kuna da sabulu a gidajenku.”

“Me ta ce?” in ji Direba.

“Ta ce ka yi kyau!”

“Ai na sani!”

Ƙarfe huɗu da kwata jami'ar ta iso. Yarinya ce ba ta fi sa'ar Auta ba, da jaka a kafaɗa da takarda cikin firam a hannu. Ta gaishe da manya da ladabi. Shugaba ya nuna mata kujerar malamin aji, ta ce a'a, ta zauna a ta yara kamar kowa. Wannan bai yi wa Malam daɗi ba. Ya fi son ta zo da girman kai, da ya sami abin da zai tsana.

Shugaba ya yi jawabi. Ya ambaci jinin da suka bayar bara, da magudanar da suka yashe, da keken guragu uku da suka gyara. Ya ce ƙungiya na bunƙasa kamar kabewa a juji. Jami'a ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

“Na gode, Baba Shugaba,” ta ce. “Ni dai ba na son in canza muku komai. Ku yi taronku yadda kuka saba. An ce da kiran lamba kuke farawa, ko?”

Malam ya miƙe da littafin. Iska ta bugo taga, wani ya tashi ya rufe.

“Lamba ɗaya.”

“Ga ni,” in ji Shugaba.

“Biyu.”

“Ga ni.”

Uku, huɗu. Yana kira yana jin jan biron na tokarin ƙirjinsa ta cikin aljihu. Biyar. Shida ta amsa tana tari. Ya ɗaga kai. Can baya Auta ta ɗora rigar a kan kayanta. Ta yi mata yawa a kafaɗa. Uwarta mace ce mai faɗin kafaɗa, mai ɗaukar buhun siminti ta ce wa maza su matsa.

Shugaba ya yi gyaran murya.

“Lamba bakwai.”

“Tana nan!” Direba ne, da dukan muryarsa. Shugaba ya je har gidansa ya yi masa bayani, shi kuwa ya yi ta gyaɗa kai bai ji ko kalma ba. Kafin kowa ya tuna gargaɗin, bakin da ya saba shekara biyu ya riga ya tafi. Aji duka ya ɗauka, “Tana nan.” Har Tela, hannu a baki.

Cikin wannan amshin muryar Auta ta fito siririya. “Ga ni.”

Jami'a ta yi dariya, ta miƙe da firam ɗin.

“Kai, lallai ana ji da ita a nan! Hajiya, taso mana. A ofishinmu kowa na son ya ga matar da ba ta taɓa fashi ba. Ni kaina sau biyu na duba shafukan, na ce anya?”

Auta ta miƙe. Ta fara ratso kujeru.

“Zauna, Auta,” in ji Malam.

Ta tsaya cak.

“Malam,” in ji Shugaba ta gefen baki. “Don Allah.”

Malam ya ajiye littafin a kan tebur. Ya ciro jan biron. Murfin ya ƙi fita, sai da ya sa haƙori.

“'Yata,” ya ce wa jami'ar, “wannan da kike gani ba Lamba Bakwai ba ce. 'Yarta ce. Lamba Bakwai matata ce, ta rasu shekara biyu da wata uku, a asibitin da kuke son rufe wa rumfa. Alamun da kika duba sau biyu hannuna ne. Ba wanda ya sa ni. In na kira ta mutanen nan sukan amsa mata, ni kuma in rubuta, don ban iya barin layin nan fari ba. Shugaba hoton littafi kawai ya tura.”

Ba wanda ya motsa. Direba na duban fuskoki yana neman wanda zai fassara masa.

Malam ya ɗauki rular da ke cikin littafin, ya daidaita ta a layi na bakwai. Rular na ta zamewa. Tela ta taso, ta danne masa gefe ɗaya da yatsu biyu, kamar yadda take danne yadi in za ta yanka. Ya ja. Biron ya bushe, bai kama ba. Ya sake bi, ya sake, sai a na uku jan ya fito, daga wannan gefe har wancan.

“Allah ya jiƙanta,” in ji Tela.

“Amin,” aji ya amsa, ƙasa-ƙasa.

Ya ɗago ya dubi 'yarsa.

“Doka ta ce lambar ta magaji ce. In har yanzu kina so, taki ce. Rigar sai Tela ta rage miki kafaɗa.”

Auta ta koma ta zauna, ta kama gefen rigar ta rufe fuska.

Jami'a ta daɗe a tsaye da firam a hannu. Sannan ta zauna, ta kife shi a cinyarta.

“Allah ya ba ku haƙuri, Baba,” ta ce. Ta buɗe jakarta, ta ciro hotunan shafukan. “To. Ɗaya ta fita, ɗaya ta shiga.”

Shugaba ya yi zumbur kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

“Ƙwarai kuwa! Kin ga lissafi bai canza ba ke nan. Arba'in da ɗaya muke har yanzu. Malam, an gode, an gode. Sai mu wuce batun kwano, kada ruwa ya tare baƙuwarmu.”

“Ba a gama kira ba,” in ji jami'a. Ba Shugaba take kallo ba, shafukan take bi da yatsa. “Na ga akwai wasu ukun da su ma wata da watanni layinsu ba giɓi. Baba Magatakarda, ci gaba. Kada ka rufe jan biron tukuna.”

Malam ya dubi taga. Gari ya yi duhu da hadari. Ya san a bayan asibiti yanzu mata na naɗe tabarmi suna neman inda za su raɓe.

“Takwas.”

“Ga ni.”

“Tara.”

“Ga ni.”

Goma ta amsa. Sha ɗaya ya amsa. Malam ya sauko da rular zuwa layi na gaba.

Sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu. Shugaba ne. Ba zancen kwano a fuskarsa yanzu, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

“Malam,” ya ce. “Wannan yayana ne. Shi ya rene ni. Kai ka samu shekara biyu, ni wata bakwai kawai na samu.”

Ɗigon farko ya bugi rufin ajin.

Jami'a ta ɗago kai daga takardunta.

“Lamba sha biyu,” ta ce. “Yana ina?”